Kwalejin aikin jarida mai zaman kanta a Jos: rediyonta ya yi, talabijin da alƙalami da sauran aiki

Duk mai niyyar buɗe makarantar koyon aikin jarida a Jos ya san cewa kasuwar da ya shiga tana da manyan dillalai. Kwalejin Talabijin ta NTA tana Rayfield tun 1980, Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa tana cikin gari a ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Najeriya, Jami'ar Jos kuma tana da nata sashen. A garin nan aka fara nuna talabijin mai launi a Najeriya a tsakiyar shekarun 1970, a nan ne kuma aka ƙaddamar da gwajin mayar da talabijin tsarin dijital a watan Afrilun 2016. Jaridar Nigeria Standard tana nan tun 1972. Mutanen Jos ba sa ruɗewa don an nuna musu kyamara.

Duk da haka kwalejoji masu zaman kansu suna samun ciniki, kuma dalilin a fili yake. Gurabe a makarantun gwamnati ba sa isa. Wani makinsa na JAMB bai kai na jami'a ba. Wata ta yi aure, tana son karatun da za ta gama cikin shekara biyu ba tare da yajin aiki ba. Wani kuma ya shekara biyar yana gabatar da shirin gaishe-gaishe a gidan rediyo, takarda kawai yake nema don a daina kiransa ɗan sa-kai. Kwalejin da muka duba ɗaya ce daga cikin masu cin wannan kasuwa. Ba za mu kama sunanta ba, domin kusan duk abin da ke cikinta mai karatu zai tarar da irinsa a 'yan'uwanta na Abuja da Kaduna. Gidan haya ne mai hawa ɗaya da aka mayar makaranta: azuzuwa huɗu a ƙasa, sutudiyo biyu da ɗakin kwamfuta a sama, janareta a bayan gida kusa da tankin ruwa.

Hukuncinmu a taƙaice: wanda rediyo yake so zai ci riba. Wanda talabijin yake so zai fita da rabin abin da ya biya, sai in ya nemi cikon da kansa. Wanda yake son ya iya rubutu, to ya shirya neman edita a waje.

Takarda tukuna

Kafin a hau bene a ga sutudiyo, a tsaya a ofishin rijista, don a nan gizo ke saƙa. Takardu iri uku ne ake rataye wa a bango, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Ta farko rijistar kamfani ce daga CAC, hukumar rijistar kamfanoni, wadda mai shagon sayar da siminti ma yana da irinta. Ta biyu izinin ma'aikatar ilimi ta jiha. Ta uku ita ce ta hukumar NBTE da ke Kaduna, wadda tun 1977 take kula da karatun fasaha a ƙasar nan, kuma ita ce ke sa diflomar ta zama ND, wato diflomar ƙasa, ta gaskiya. Ita ma ta NBTE kashi biyu ce: amincewa da makarantar daban, tantance kos ɗin daban. Makaranta tana iya samun ta farko alhali kos ɗin da ka shiga ba a tantance shi ba, ko an tantance amma wa'adin ya ƙare ba a sabunta ba.

A wannan kwaleji kwasa-kwasai uku ake yi. Akwai ND ta shekara biyu, wadda ake shiga da kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, a zama ɗaya ko biyu, da kuma JAMB. Akwai abin da suke kira diflomar ƙwararru ta shekara ɗaya a ƙarshen mako. Sai satifiket na wata shida. ND ɗin ce kaɗai ke kan turbar hukuma. Sauran biyun takardun gida ne: suna da amfani wurin koyon aiki, gidan rediyo mai zaman kansa yana iya dubawa, amma ba a shiga HND da su, ba a kuma neman ƙarin girma a aikin gwamnati da su. Ma'aikatan ofishin ba sa ɓoye wannan in an tambaya, sai dai ba sa fara faɗa. A takardar talla kuwa kalmar "difloma" ce aka rubuta da manyan haruffa a kan duka biyun, kuma wannan aibi ne.

Abin yi ba shi da wuya. Duba sunan makarantar da sunan kos ɗin a jerin da NBTE ke wallafawa, ka kuma duba shi a littafin jagora na JAMB. In an ce an ba ka gurbi, ka tabbatar ya fito a shafinka na CAPS, wato tsarin intanet da JAMB ke bayar da gurabe ta cikinsa, ka karɓa a can, ka buga takardar JAMB ɗin da hannunka. Hukumar ta sha faɗa cewa gurbin da bai bi ta CAPS ba ba ta san da shi ba. Illar ba ta bayyana a shekarar farko. Sai bayan ka gama ND, ka yi shekarar sanin makamar aiki, ka yi HND a wani wuri, ka zo neman shiga bautar ƙasa, sannan a ce ba sunanka a jerin ɗaliban JAMB. A lokacin ihu ne bayan hari. Haka nan in an ce maka kwalejin tana da alaƙa da wata jami'a, ka nemi ganin wasiƙar, ka dubi kwanan watan da ke jiki, ka kuma tambayi jami'ar.

Ɗakin rediyo

Nan ne kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Ɗaki ne ƙarami, kamar mita uku da huɗu, an raba shi da gilashi mai ninki biyu: mai gabatarwa a ciki, mai kula da na'ura a waje. Mikisa, wato na'urar haɗa sauti, mai layi goma sha biyu, makirfo uku irin waɗanda ba sa kwasar hayaniyar nesa, hedifon huɗu, kwamfuta ɗaya mai manhajojin tace sauti, Audacity da Adobe Audition. Ba kayan alfarma ba ne, amma duk suna aiki, kuma kusan irinsu ɗalibi zai tarar a ƙananan tashoshin FM.

Abin da ya ɗaga darajar ɗakin shi ne malaman. Tsofaffin ma'aikatan rediyo ne da suka yi ritaya, mutanen da suka koyi aiki a zamanin da ake yanka tef da reza. Ba sa barin ɗalibi ya buɗe baki sai ya daidaita murya. Ƙa'idarsu ita ce allurar ma'auni ta riƙa kaiwa tsakanin 12 da 6 ƙasa da sifili. In ta taɓa sifili murya ta fashe, kuma babu manhajar da ke ɗinke fasasshiyar murya. Tazara tsakanin baki da makirfo kimanin faɗin tafin hannu da ɗan ƙari, santimita goma sha biyar, kuma a ɗan karkace, kada a fuskance shi tsaf. Wannan karkacewar ta fi muhimmanci ga mai Hausa, domin harafin "f" ɗinmu da leɓɓa ake hura shi, ga "ƙ" da "ts" masu fitowa da ƙarfi. Mai cewa "Fadar shugaban ƙasa ta tsawatar" a saitin makirfo kai tsaye ya jefa wa mai sauraro duwatsu uku a kunne.

Kowace Alhamis ana yin labaran minti goma kamar da gaske. Ɗalibi ɗaya edita, biyu masu karatu, uku masu kawo rahoto, ɗaya a kan mikisa, kuma ana juya kujerun kowane mako. Ƙarfe goma sha biyu daidai ake buɗe makirfo, ko an shirya ko ba a shirya ba. Wanda rahotonsa bai iso ba da sha ɗaya da rabi, an wuce da shi. Mun ga ɗaliba ta karanta kanun labarai tana haki saboda ta hau bene da gudu, malamin ya tsayar da ita bayan an rufe, ya ce: "Ke 'yata, mai karanta labarai ba ya gudu. Ki zauna minti biyar kafin lokaci, ko da takarda ɗaya ce a hannunki." Irin wannan ba a samunsa a handawut.

Suna koyar da karɓar kiran masu sauraro yadda ya kamata, abin da wasu tashoshin ma ba su iya ba. Muryar da ake mayar wa mai kira dole a cire tasa muryar daga ciki, in ba haka ba zai riƙa jin amsa-kuwwar kansa, ko a ji ƙara mai tsaga kunne. Ana yin haka ta layin gefe na mikisa: a buɗe wa wayar kowane layi, a rufe nata.

Aibin ɗakin biyu ne. An manna kwalin ƙwai a bango ɗaya da sunan hana sauti. Kwalin ƙwai ba ya hana ƙarar waje shigowa, ɗan rage amsa-kuwwa kawai yake yi, shi ma ba sosai ba. Abin da ke tare sauti nauyi ne da toshe kafa: bango mai kauri, ƙofa biyu, roba a bakin ƙofa. Tagar kuwa titi take kallo, don haka hon ɗin keke yana shiga rahoto. Na biyu, da zarar an koma janareta sai wani gurnani ya shiga layin murya. Wannan alamar rashin waya mai sauke wuta ƙasa ce, da kuma shimfiɗa wayar makirfo kusa da wayar wuta. Aikin yini ɗaya ne ga mai gyaran lantarki, amma an bar shi. Kwalejin ba ta da lasisin NBC, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin, na watsa shiri a iska, ta intanet take turawa, kuma ba mu ga laifin hakan ba, tunda abin da ake koyo ɗaya ne.

Talabijin: a yi lissafi

Ranar da iyaye suka zo zagaye, kyamara uku suke gani a jere a kan ƙafafunsu, ga koren ƙyallen da ake sauya bayan hoto da shi a bango, ga fitilu. Ido yakan cika. Amma ɗaya daga cikin ukun ba ta aiki, ado ce. A ɗauki aji mai ɗalibai 45, darasin gwaji awa uku a mako, kyamara biyu. Minti 180 sau biyu ya ba da 360, a raba wa 45, kowa ya tashi da minti takwas. A zangon karatu mai mako goma sha biyar, awa biyu ke nan hannun ɗalibi ya taɓa kyamara, in ba a ɗauke wuta ba, in kuma masu ƙarfin hali ba su danne masu kunya ba, wanda a aikace mata ne suka fi cutuwa da shi. Ba a zama mai ɗaukar hoto da awa biyu. Wannan lissafin shi ya kamata kowa ya yi a kowace makarantar da ya je.

Sakamakon yana fitowa a aikin ɗalibai. Hotonsu na cikin ɗaki yana rawa da wasu layuka masu gilmawa. Dalili shi ne kyamarorin an bar su a saitin Amurka na hoto 30 ko 60 a daƙiƙa, alhali wutar Najeriya tana bugawa sau 50 ne a daƙiƙa, kuma talabijin ɗinmu a kan hoto 25 yake. A mayar da su 25, a sa saurin rufe idon kyamara a ɗaya bisa hamsin na daƙiƙa, rawar ta tafi. Fuskoki suna fitowa ja ko shuɗi saboda ba a saita fari ba. Hasken fitila mai ja-ja yana wajen 3200 a ma'aunin zafin launi, na rana wajen 5600, kuma farar takarda guda a gaban kyamara ta daƙiƙa biyar ta raba gardama. Ƙafafun kyamarar na masu hoton biki ne, kansu ba irin mai juyawa a hankali ba ne, shi ya sa duk juyawa sai ta yi tsalle. Fitilu biyu ne maimakon uku, babu ta bayan kai, don haka mai gabatarwa yana mannewa da bango. Koren ƙyallen ya yamutse, kuma ana zaunar da mutum dab da shi, alhali yana buƙatar tazarar mita ɗaya da rabi zuwa biyu, in ba haka ba koren zai zuba masa a kunne da kafaɗa.

Mafi muni shi ne sauti. Ana tura ɗalibai kasuwar Taminus su yi hira da makirfon da ke jikin kyamara, su dawo da hoton baki yana motsi da ƙarar lasifikar masu tallan magani. Mai kallo yana haƙuri da hoto mai duhu, ba ya haƙuri da muryar da ba ya ji.

Ga kuma abin da Jos ta keɓanta da shi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu sanyin tsaunin nan yana shanye batir da wuri, ƙurar hunturu kuma tana shiga ruwan tabarau. Kyamarar da ke da batir ɗaya ba ta kai azahar. Ɗalibi ya sayi katin ajiya nasa, mai alamar sauri ta U3 ko V30 a jiki. Na arha da ake sayarwa a tire a bakin titi shi ne ke tsayar da ɗauka a tsakiyar hira, ko ya nuna girman da ba shi da shi.

Ɗakin kwamfuta yana da injuna ashirin, amma huɗu ne kawai ke iya ɗaukar aikin tace bidiyo. Sauran ƙwaƙwalwarsu gig huɗu ce, sun dace da buga rubutu. Tace hoto mai kyau yana son gig goma sha shida, ko takwas a ƙalla in za a yi haƙuri. Manhajojin da ke kansu kwafin sata ne, suna rufewa ba sallama. Babu batirin riƙe wuta, don haka tsakanin ɗaukewar wutar JED, kamfanin rarraba lantarki na Jos, da tayar da janareta aikin awa biyu yana iya salwanta. Manhajar tace bidiyo ta DaVinci Resolve tana da nau'in kyauta da ya wadatar da ɗalibi, inbata ɗaya da batir biyu kuma za su riƙe injuna huɗun nan. Ba kuɗi ne ya hana ba, rashin kula ne.

Abin da ya ɗan fanshi sashen shi ne darasin aikin jarida da waya, wanda wani matashin malami ke bayarwa. Tunda kowa yana da waya a aljihu, lissafin minti takwas ya faɗi. Yana koya musu su kashe layin kira kafin ɗauka don kada kira ya yanke, su goge idon wayar, su kulle haske da saiti a fuskar mai magana, su kwantar da waya in don talabijin da YouTube ne, su tsayar da ita in don TikTok ne. Kowane hoto a riƙe shi daƙiƙa goma, kowane wuri a ɗauki na nesa da na tsakiya da na kusa. Ƙaramin makirfon maƙalawa a riga, da manhajar tace bidiyo ta CapCut, sun isa a haɗa rahoton minti biyu mai tsabta. Mafi kyawun ayyukan da ɗaliban suka nuna duk da waya aka yi su.

Jan biro

Aikin jarida rubutu ne kafin ya zama murya ko hoto, kuma a nan kwalejin ta fi rauni. Ana koyar da ƙa'idar. Kowane ɗalibi zai iya zayyano maka tambayoyi shida, wa da me da ina da yaushe da yaya da don me, zai kuma zana maka dala a kife, muhimmi a sama, saura a ƙasa. Amma ka ba shi sanarwar manema labarai mai shafi biyu ka ce ya fitar da sakin layi na farko cikin kalma talatin, sai ya fara da sunan otal ɗin da aka yi taron da jerin manyan baƙi, labarin kuma yana sakin layi na bakwai.

Dalili shi ne ba a gyara musu. A zango guda rubutu biyu ko uku suke miƙawa, ya dawo da maki a saman takarda, babu layi ɗaya da aka soke. Ɗan jarida jan biron edita ne ke yinsa: a soke, a tambaye shi wa ya faɗi wannan, a mayar masa ya sake, sau uku in ta kama. Abin da ya dace shi ne labari ɗaya a kowane mako, daga waje, ba daga intanet ba. Jos ba ta rasa wurin zuwa ba. Farashin kwandon tumatir da buhun dankalin Turawa a Farin Gada labari ne kowace safiya. Kotun majistare tana zama, majalisar dokokin jiha tana zama, asibitoci suna nan. Yawancin malaman rubutun na wucin gadi ne, ana biyansu da awa, suna da wani aikin a wani wuri, kuma ba wanda ke biyansu kuɗin zaman gyara takarda arba'in da biyar. Jaridar gwaji ta kwalejin sau ɗaya take fita a shekara, da kuɗin ɗalibai, rabinta hotunan shugabannin makaranta.

Sai batun Hausa, wanda ya fi ba mu takaici. Kaso mai yawa na ɗaliban daga Titin Bauchi da Gangare da Unguwar Rogo da Rikkos suke, wasu daga Bauchi da Gombe da Lafiya. Aikin da ya fi kusa da hannunsu na Hausa ne: sassan Hausa na tashoshin FM, jaridu irin su Aminiya, shafukan intanet, da kafofin waje masu neman wakilai, tun daga BBC da ta fara Hausa a 1957 har zuwa RFI da ta fara a 2007. Aikin jarida da Hausa ya girmi Najeriya mai 'yanci, tunda Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a 1939. Amma a jadawalin kwalejin babu awa ɗaya ta rubutun Hausa ko fassarar labarai. An ɗauka wanda ya tsotsa a nono ya iya.

Bai iya ba. Kwamfutocin ba su da haruffa masu ƙugiya, don haka "gwamna ya karɓi baƙi" yana komawa "gwamna ya karbi baki", "ƙasa" ta zama "kasa". Ba su san inda ake raba kalma da inda ake haɗewa ba. A fassara kuwa kuskuren yana iya kai mutum kotu. Wanda ake zargi sai a rubuta mai laifi. Wanda alƙali ya ce a tsare kafin a ci gaba da shari'a sai a ce an ɗaure shi. Kalmar Turancin da ke haɗa matattu da masu rauni sai a fassara ta da "waɗanda suka mutu", mutum uku su koma talatin. Miliyan da biliyan suna musayar wuri. Ko ƙa'idar kalma uku a daƙiƙa da ake koya musu ta Turanci ce. Labarin da ya ci daƙiƙa talatin da Turanci yakan zarce haka in an mayar da shi Hausa, don haka mai Hausa da agogo zai auna rubutunsa, yana karantawa da ƙarfi.

Doka, da rahoton rikici

Darasin doka tsohon rubutu ake karantawa. Ana ambaton sashe na 22 da na 39 na kundin tsarin mulkin 1999, ana bayanin ɓata suna, shi ke nan. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 tana cikin handawut, amma ba a taɓa sa ɗalibi ya rubuta wasiƙar neman bayani ya kai wata ma'aikata ba, ya karɓi hatimin shaidar karɓa a kwafinsa, ya ƙirga kwana bakwai ɗin da doka ta ba su. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda da sashenta na 24 aka sha kama 'yan jarida, kuma aka yi wa gyara a 2024, ba ta samu ko rabin awa ba, alhali ita ce za ta fara cin karo da yaron da ke wallafa labari a Facebook. Batun ambulan da "kuɗin mota" da ake miƙawa bayan taro, ana la'antarsa a aji da baki, ba a gaya wa ɗalibi abin da zai ce a lokacin da aka miƙo masa a gaban abokan aiki.

Inda suka yi abin yabo shi ne rahoton rikici, kuma a Jos wannan ba darasin ado ba ne. Garin da ya ga Satumban 2001 da Nuwamban 2008 da Janairun 2010 ya san abin da jita-jita ke yi. Ajin gauraye yake, Birom da Afizere da Anaguta da Angas da Tarok da Hausa da Fulani da Ibo, kuma da gangan ake haɗa ɗalibai biyu masu addini daban a tura su aiki ɗaya, kowa ya shiga unguwar ɗan'uwansa. Ƙa'idojin a sarari suke. Ba a faɗin adadin mamata sai daga majiya biyu da ba su jiyo daga juna ba, kuma a faɗi wa ya bayar da adadin. Ba a liƙa wa maharan ƙabila ko addini don wani ya ce ya ji yarensu. Hoton da aka turo ta WhatsApp sai an bincika shi ta manhajar neman asalin hoto, tunda sau da yawa na wata ƙasa ne ko na shekarun baya. Ba a nuna gawa, ba a nuna fuskar yaro. Wannan darasi shi kaɗai ya cancanci wani kaso na kuɗin makarantar.

Sanin makamar aiki, kuɗi, da zirga-zirga

Ɗaliban ND suna fita SIWES, wato sanin makamar aiki, na wata huɗu tsakanin shekarar farko da ta biyu, shirin da hukumar horas da ma'aikata ta ITF ke kula da shi, wadda hedikwatarta ma a Jos take. Kwalejin wasiƙa da littafin rubuta aikin yau da kullum kawai take bayarwa, neman wuri na ɗalibi ne. PRTVC, gidan rediyo da talabijin na jihar Filato, da NTA da Highland FM suna cika da wuri, domin duk makarantun garin can suke turawa, kuma inda ɗalibai talatin suka taru a ɗakin labarai ɗaya, yawancinsu zaman benci suke yi da sayo wa manya abinci. A kai wasiƙa wata biyu kafin lokaci. Ƙaramar tasha mai ƙarancin ma'aikata ta fi babba amfani, don a can ne za a miƙa maka rakoda a mako na biyu. A ajiye kwafin duk rahoton da aka watsa, da kwanan wata. Ranar neman aiki shi za a nema kafin takarda.

Kuɗin makaranta ana karɓarsa kashi biyu ko uku a zango, wanda sauƙi ne ga iyaye. Sai dai adadin da ke takardar talla ba shi ne ƙarshe ba. Akwai kuɗin karɓar gurbi, na sutudiyo, na katin shaida, na handawut kowane darasi, na malamin da zai zo duba ka a wurin SIWES, na aikin kammalawa, na rigar yaye. A nemi a rubuto jimillar shekara biyu a takarda mai hatimi kafin a biya ko sisi. A biya ta asusun makaranta, ba na wani ma'aikaci ba, a kuma adana kowane rasit, don ranar karɓar sakamako za a ce a kawo su duka.

Babu ɗakin kwana. Wanda ya zo daga wani gari zai kama haya, ya kuma sa kuɗin keke a lissafi, tunda an hana acaɓa a cikin gari. Darasin yamma yana kaiwa ƙarfe shida, abin dubawa ga 'yan mata masu komawa Bukuru ko nesa da haka. Akwai ɗan wurin salla, kuma ranar Juma'a ana tashi da sha biyu da rabi.

Ma'aikacin rediyo mai neman gogewa da takarda, ND ɗin ta dace da shi. Mai son ya riƙa haɗa bidiyo don shafinsa, satifiket na wata shida ya ishe shi, kada ya ɓata shekara biyu. Wanda ya ƙudurta talabijin ko fim zai yi, kuma makinsa ya kai, ya fara gwada Kwalejin NTA, wadda ke bayar da digiri da haɗin gwiwar Jami'ar Ahmadu Bello, ko Cibiyar Fim mai alaƙa da Jami'ar Jos.

Wanda zai je dubawa kada ya je ranar da aka gayyaci iyaye. Ya je ranar Talata ko Laraba da misalin ƙarfe biyu, ba tare da ya sanar ba. Ya ce a kunna masa kowace kyamara ya ga hoto a allonta. Ya tambayi yawan ɗaliban ajin farko, ya yi rabon mintunan a wayarsa a tsaye. Ya sa hedifon a kunne yayin da janareta ke aiki. Sannan ya tare ɗalibin shekara ta biyu a bakin ƙofa, ya ce ya nuna masa rubutunsa na ƙarshe da malami ya dawo masa da shi, ya ƙirga wuraren da biro ya taɓa.